Yatsu Uku Tsakanin Hula da Ƙarfe

Shekara talatin da ɗoriya ina aikin walda a Jidda, kuma kusan babu abin da tef ɗina bai hau ba. Na auna ƙofofin gidajen sama a Safa, na auna tagogin tsofaffin gidajen Hindawiyya waɗanda babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta, na auna tankin ruwa, na auna rumfar mota. Mutum ne kawai ba na aunawa. Ko kafilina, Balaraben da nake aiki a warsharsa, wato shagon waldarsa, tun gashina yana baƙi, ya san da haka. In aka kawo aikin da sai an gwada tsawon mai shi, kamar sandar dogarawa ko kujerar gurgu, sai in ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in dubi mutum sau ɗaya in yanka ƙarfe. Yawanci kuma yakan yi daidai, shi ya sa kaina ya kumbura.

Ana haka 'yata ta zo min da maganar keji.

'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mana. Tun da na raɗa mata suna ban sake kiran sa ba. Kunyar ɗan fari ta hana, ga shi kuma sunan mahaifiyata ta ci, don haka uwata nake ce mata. A nan unguwar Kurayyat aka haife ta. Hausa kam tana jin ta sarai, amma in ta buɗe baki sai ka ji rabi Hausa rabi Larabci, in kuwa ranta ya ɓaci ko murna ta kama ta, to khalas, shi ke nan, Hausar ta tafi hutu. A wani ɗakin gwajin jini take aiki, mace mai natsuwa, ba ta da hayaniya. Shekarar da aka bar mata su riƙe sitiyari ta je ta yi lasin, muka ce madalla, an samu mai kai uwarta kasuwa. Ashe ita ba kasuwa ce a ranta ba. Akwai wani filin tsere a bayan gari da ake buɗe wa masu sha'awa ranar hutu, kowa ya zo da motarsa ya yi ta zagaye. Ta je kallo sau biyu, kafin na uku ta sayo wata tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa biyu ta ajiye min a bakin warsha.

Ranar wata Juma'a, mun dawo daga masallaci mun ci abinci, ta matso kusa da ni da wayarta a hannu.

"Baba, ina so ka yi min ƙafas," in ji ta.

"Ƙafas? Keji ke nan fa. Kaji za ki fara kiwo a saman bene?"

Ta yi dariya ta miƙo min wayar. Hoton cikin wata mota ne, an fitar da kujeru da darduma da komai, an kewaye wurin zaman direba da bututun ƙarfe masu kauri, sama da gefe da baya. Ta ce in mota ta kife, wannan ne ke hana rufin ya danne mutum, kuma ba za a bar ta ta shiga sahun masu gudu sosai ba sai da shi, da kujera ta musamman, da bel mai madauri shida.

Kalmar kifewa kawai na ji, sauran duk ya bi iska. Na ce ba zan yi ba. Na faɗa da ƙarfi har na tabbata maƙwabta sun ji. Na ce ni da hannuna in ƙera wa 'yata abin da za ta je ta kife a ciki? Allah ya kiyaye! Ta tashi ta shiga ɗaki.

Uwarta tana gefe tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To kar ka yi, Malam. Ai ba kai kaɗai ne mai walda a Jidda ba. Sai ta kai wa wancan na bayan layinku, wanda kake cewa waldarsa kamar kashin kaji."

Matar nan ta san inda ake taɓa ni. Na san halin 'yata, abin da ta sa a gaba sai ta yi. In ban yi ba wani zai yi, kuma kanta ne zai zauna a ƙarƙashin aikinsa. Kafin la'asar na ƙwanƙwasa mata ƙofa na ce ta turo min hotunan.

Na zauna na karanta takardar ƙa'idojin filin da ta kawo, ita tana fassara min inda Larabcin ya fi ƙarfina. Keji iri biyu ne. Akwai na ɗaurawa da noti, wanda ake saye a shirye a harhaɗa, in an gaji a kwance. Akwai kuma na walda, wanda ake narkawa da jikin motar ya zama ɗaya da ita. Na ce ba noti ba maganar noti, ni ban yarda da abin da sifana ke iya kwancewa ba. Bututun ma ba kowane ba. Wanda muke yin ƙofa da rumfa da shi yana da ɗinki a cikinsa, in ya sha matsi ta nan yake tsagewa. Takardar ta ce sai marar ɗinki. Na ce ikon Allah, ashe shi ma kamar harami yake, ba a shiga da mai ɗinki. Na yi kwana biyu ina yawo a unguwar masu sayar da ƙarfe, ina zura yatsa a bakin bututu ina shafawa, kafin na samu wanda hankalina ya kwanta da shi.

A kan kujera kuwa mun yi rigima. Ni na riga na hango wata a kasuwar gwanjo, faffaɗa, mai laushi, ka zauna kamar kada ka tashi. Na ɗauko ta da murnata na kai gida. Uwata ta zagaya ta, ta leƙa bayanta, ta nuna min wata 'yar takarda da aka liƙa.

"Baba, wannan ta mutu. Lokacinta ya wuce."

"Kujera ce ko madarar gwangwani?"

Wallahi ashe haka ne, kujerar tsere tana da wa'adi, in ya cika ba a yarda da ita ko da ƙyalli take. Kuma faɗin da na gani na yaba, shi ne aibinta. Ana son wadda za ta kama ƙugu ƙam, ta riƙe haƙarƙari da kafaɗa, ta yi kunnuwa a gefen kai, don kada mutum ya riƙa watsal-watsal a ciki in an sha kwana. Muka je shagon masu kayan tsere, ta zauna a kan wannan ta tashi, ta zauna a kan waccan ta tashi, har ta samu wadda sai ta yi dabara take shiga, ramukan bel kuma suka zo daidai kafaɗarta. Ni dai a idona kujerar azaba ce, amma ita fuskarta kamar an ba ta kyautar gida.

Da za mu fita, mai shagon ya riƙe ni ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "ka fara kafa kujerar, ka zaunar da ita da hular kwanonta a ka, ka auna ta, sannan ka gina mata kejin. Kada ka juya tsarin." Na gyaɗa kai na ce in sha Allah. A raina na ce yaro man kaza, ni za ka koya wa aiki.

Sati uku na yi a kan motar nan, tsakanin aikin mutane. Na fitar da komai na cikinta har ta zama kwanon ƙarfe. Na lanƙwasa babban baka, wato bututun da ke tashi daga ƙasa a bayan kujera ya bi rufi ya sauka ɗaya gefen, shi ne uban kejin duka. Na ja ƙafafu biyu ta gefen gilashin gaba, na gicciya biyu a kowace ƙofa, na tokare baya, na shimfiɗa faranti mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta huda ƙasan motar. Sau uku uwata tana kira tana cewa, "Baba, yaushe zan zo ka yi min awo?" Ni kuma in ce, "Zauna abinki, na san tsawonki tun kina zanen goyo."

Da yake a idona gajera ce, sai na ɗaga mata kujerar a kan dogayen ƙarafa don ta ga hanya da kyau. Babban bakan kuma na sauke shi kaɗan daga rufi don hannuna ya samu shiga in yi walda ta ko'ina. Da na gama na shafa fenti, na ja baya na duba. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin walda mai kyan wannan ba.

Ranar Asabar da safe aka ɗora motar a kan babbar mota muka tafi filin, don sai mai duba motoci ya sa hannu kafin a bar ta ta shiga. Wani dattijo ne mai farin gemu da 'yar rula a aljihu. Ya shiga ya fita, ya shafa kowace mahaɗa da yatsa, ya ce masha Allah, wa ya yi wannan? Na gyara tsayuwa na ce ni ne. Sai ya ce mai motar ta sa hularta ta zauna.

Ta sa, ta shiga, ta ɗaure bel. Tun kafin dattijon ya ciro rularsa na ga abin da ya faru. Hular kwanon ta wuce babban baka. Ta gefe kuma tana gogar bututun da ya bi saman ƙofa. Ke nan in motar ta kife, kanta ne zai fara karɓar ƙasa kafin ƙarfen da na yi don ya tare mata.

Dattijon ya ɗaga yatsu uku a haɗe ya ce aƙalla haka ake so tsakanin hula da saman ƙarfe. Sannan ya dafa ni a hankali ya ce, "Aikinka mai kyau ne, ya ammi. Amma wata ka yi wa, ba wannan ba."

Na fara faɗa, don halina ne. Na ce hular ce ta cika girma, na ce rularsa ce ba daidai ba. Ina cikin yi uwata ta fito ta cire hular ta tsaya a gabana, sai na ga ina ɗaga ido kafin in dubi nata. Allah sarki. Yarinyar nan ta fi ni tsawo, ban san ranar da hakan ta faru ba. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Muka mayar da motar warsha.

A gida uwarta ta wanke ni tas. Ta ce wace irin kunyar ɗan fari ce wannan da za ta sa mutum ya kasa ɗora tef a kan 'yarsa? Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bar ta a kan cewa kunya ce, don shekara da shekaru muna tare ban taɓa gaya mata gaskiyar ba.

Washegari bayan la'asar ina zaune a warsha ina kallon kejin, sai ga uwata ta shigo da hular a hannu ɗaya. Ta ɗauki tef ɗina a kan tebur ta miƙo min. Ban karɓa ba. Ta jawo bokitin fenti ta kife ta zauna, ta ce, "Baba, lesh?" Me ya sa, ke nan.

Sai na gaya mata. A garinmu in an yi rasuwa, kara ake karyowa a gona a auna mamacin daga kai zuwa ƙafa, a kai wa masu haƙa kabari su san tsawon da za su haƙa. Ina da shekara goma sha bakwai yayana ya rasu. Direban babbar mota ne, ya ɗauko gyaɗa, motar ta faɗi da shi a gangare, kan motar ya lotse a kansa. Da aka kawo shi, mahaifinmu ya kasa tashi daga inda yake zaune, ya ce da ni, je ka karyo kara. Na je na zaɓo mafi tsawo. Na ɗora a gefensa, karan bai kai ba. Yayana dogo ne. Sai da na ƙara da tafin hannuna guda, na tafi maƙabarta ina riƙe da kara ina maimaitawa a raina, da tafi ɗaya, da tafi ɗaya, don kada in manta. Tun daga ranar ban sake gwada tsawon ɗan Adam ba. Na san camfi ne. Na san awo ba ya kashe kowa, na yi karatu daidai gwargwado, a ƙasa mai tsarki nake zaune. Amma in na ɗauki tef na nufi mai rai, sai hannuna ya ƙi.

Na ga tana haɗa kalmomin a ranta, don so take ta faɗa da Hausa zalla, ba ta son ko ɗaya ta zame mata zuwa Larabci.

"Baba," ta ce, "shi a kwance ka auna shi, don a saka shi. Ni a zaune za ka auna ni, don in fito."

Na juya baya na yi kamar ina neman alli. Na daɗe ina neman allin nan, alhali yana bayan kunnena.

Muka sauke kujerar daga kan dogayen ƙarafan muka ajiye ta a ƙasan motar, muka tokare ta da katako. Ta sa hula ta zauna. Na yi bismilla na ja tef. Hannuna yana rawa har bakin tef ɗin yana ƙwanƙwasa hular, ƙwas ƙwas, ta ce, "Baba, ana sallama, wa ke nan?" Na ce ki yi min shiru, marar kunya. Muka yi dariya, daga nan hannun ya ɗan tsaya.

Na auna daga mazauni zuwa saman hula. Na auna daga hula zuwa rufi, daga kafaɗa zuwa inda bututun bel zai zauna a bayanta, daga gwiwar hannu zuwa ƙarfen ƙofa, daga gwiwar ƙafa zuwa ƙarƙashin sitiyari. Ta miƙe hannu ta ɗora wuyansa a saman sitiyarin, ta taka kuloci har ƙasa, muka ja kujerar gaba kaɗan, muka kishingiɗar da ita kaɗan. Idona ba ya ganin ƙananan lambobi yanzu, don haka ita ke karantowa da Larabci, ni ina rubutawa da alli a bangon warsha. A nan ne ma muka gano ƙullin gashin da take yi a ƙeya yana ɗaga hular. Daga ranar uwarta ta koma yi mata kitso kwance duk jajibirin zuwa fili, tana yi tana mita.

Babban baka ba a yi masa ƙari, ba a yi masa faci, dole ya zama bututu ɗaya daga ƙasa zuwa ƙasa. Haka na sa injin yanka na datse waldar da na fi alfahari da ita a rayuwata, na jefar a bayan warsha. Na lanƙwasa sabo wanda ya manne da rufi. Don in samu yin waldar samansa sai na huda ƙasan motar, na zurara kejin ƙasa, na zagaye kowace mahaɗa, na ɗaga shi na mayar, na toshe da faranti. Kujerar na kafa ta ƙasa-ƙasa a kan ƙarafan da na narka da jikin motar, ba mai ja gaba da baya. Duk inda hula za ta iya kaiwa na naɗe da soso mai tauri na musamman. Wannan karon sau biyar ina kiran ta ta zo ta zauna, har ta fara cewa, "Baba, khalas, na gaji da awo."

Ranar da muka koma, dattijon bai ma ciro rula ba. Ya ce in sa hannuna da kaina. Na zura yatsu uku a saman hularta, suka shige, har da ɗan sarari. Ta ɗago ido ta cikin gilashin hular tana dubana. Na ce to, Allah ya tsare, na fita da sauri na ba su wuri.

Ban taɓa tsayawa kallon ta tana gudu ba. Ba zan iya ba, kuma ban ɓoye mata ba. Ranar da take zuwa fili ni warsha nake tafiya, in sa wayata a aljihun gaba, in kama aikin da ya fi kowane ƙara.

Wata bakwai ko takwas bayan haka, wata Asabar gab da azahar, ina goge waldar wata ƙofa sai na ji wayar tana motsi a ƙirjina. Baƙuwar lamba ce. Daga baya, da aka kawo motar, na ga yadda rufin ya lotse har ya kwanta a kan babban baka, ya tsaya a nan bai ƙara ko kaɗan ba. Amma a lokacin ban san wannan ba. Muryar namiji kawai na ji yana Larabci da sauri, yana tambaya ko ni ne mahaifinta, yana cewa taya ta fashe a kwana, motar ta juya sau biyu.

Ban bari ya ƙarasa ba. Sunanta na kira. Sunanta na yanka, wanda na raɗa mata a kunne da bakina ban kuma sake furtawa ba sai ranar. Na kira shi sau uku da ƙarfi, a tsakiyar warsha, a gaban kafilina da kowa, ba kunya ba komai.

Na ji ana ƙus-ƙus, wayar tana sauya hannu, sannan numfashi sama-sama. Na jira Larabci, don na san in ta firgita shi ke fara zuwa.

"Na'am, Baba," ta ce. "Na fito."